Ranar da Mai Faci Ya Zagi Linux

Sati uku cur Malama tana bin mijinta ya duba mata makirfon kwamfutarta, sati uku yana ce mata, "Ƙaramin abu ne, Gimbiya, aikin minti biyu." Minti biyun nan har yau ba su iso ba. Ga shi yau Asabar, da ƙarfe huɗu wata makarantar intanet za ta yi mata intabiyu ta bidiyo. Aikin koyar da lissafi ne daga gida, shekara guda tana nemansa don ta huta da hawa mota biyu kullum safiya. To malamar da ba a jin muryarta, wa zai ɗauke ta aiki?

Kuma fa shi ya jawo. Kwamfuta na zaman zamanta ya ɗauke ta wata Lahadi, ya goge abin da ta zo da shi, ya zuba mata wata manhaja mai suna Linux, wai ya 'yantar da ita. Ita Malama ba ta ma san kwamfutar a ɗaure take ba. Sauri kam ta ƙara, wannan ba musu. Har suna ya raɗa mata, in ka buɗe baƙar tagar nan da suke rubuta umarni a ciki, a farkon kowane layi za ka ga "gimbiyar-sarki". Shi ai a zauren masu Linux na intanet, inda mutum ɗari huɗu ke haɗuwa, Sarki ake ce masa. Ranar da ya sabunta mata manhajoji kuwa, makirfo ya yi gum.

Ƙarfe biyu da rabi ta leƙa falo. Yana nan a doguwar kujera, ƙafa a kan tebur, tasa kwamfutar a cinya, yana gyara wa wani da bai taɓa gani ba matsalar allo.

"Baban yara, saura awa ɗaya da rabi fa."

"Ina sane, ina sane. Bari in ƙarasa wannan."

Ta koma ɗaki ranta a ɓace, har idonta ya kawo ruwa. Sai kuma ta tsaya. Ai ta daɗe tana leƙen zauren nan ta kafaɗarsa, ta san halin 'yan cikinsa sarai. In ka shigo da sallama da ladabi ka ce don Allah a taimaka, sai a kwana biyu kafin wani ya ce maka je ka karanta littafin bayani. Amma ka kuskura ka ce Linux ba ta iya wani abu ba? Wayyo! Ko wanka suke yi sai sun fito da kumfa.

Ta ɗauki waya, ta buɗe sabon asusu, ta sa masa suna Mai Faci, ta shiga zauren ta rubuta:

"Wannan Linux taku wasan yara ce. Ko makirfo ba ta iya kunnawa. Gobe zan goge ta in koma wa manhajar manya."

Ba ta ajiye wayar ba ta ji ƙafa ta sauko daga tebur a falo.

"Kai! Gimbiya, zo ki ji wani jahili!"

"Ina aiki," in ji ta. "Ko ka samu sararin duba makirfon ne?"

"Ina zuwa, bari in koya wa wannan hankali tukuna."

Saƙonni suka dinga shigowa kamar ruwan sama. Wani ya ce laifin Mai Faci ne, wani ya ce ya sauya nau'in Linux ɗin gaba ɗaya, wasu biyu suka kaure da faɗa a tsakaninsu kan wane nau'i ya fi, suka manta da makirfo kwata-kwata. Sarki ne kaɗai ya riƙe maganar. Ya rubuta: "Malam, kafin ka zagi abin da ba ka sani ba, buɗe baƙar taga, rubuta umarnin nan, turo min hoton abin da ya fito."

Ta rubuta, ta ɗauki hoton allon, ta yanke gefen da sunan kwamfutar yake, ta tura. Ta ƙara da cewa, "Ɓata lokaci ne dai. Ba za ka iya ba."

Daga falo ta ji ya yi tsaki mai tsawo, madannan kwamfuta suna kuka a hannunsa. Mutumin da in ta ce ya sauya ƙwan lantarki sai ya ce bayansa na ciwo, yau ga shi yana bin Mai Faci layi-layi, har da zana masa kibiya a hoto. Umarni na biyu bai yi ba. Na uku ma haka. Ƙarfe uku da ashirin ta yi, in kuma wannan dabara ta ƙi, ba ta da wata. Ta daure ta sake tsokana: "Wai kai ne Sarkin? Tab."

"Wallahi yau sai makirfon mutumin nan ya yi magana!" Haka ta ji ya faɗa da ƙarfi, shi kaɗai a falo.

Ashe matsalar layi guda ce a wani fayil. Ta sauya shi yadda ya ce, ta kashe kwamfutar ta kunna, ta ce "ɗaya, biyu" a hankali. Ɗan koren layin da ke nuna shigar murya ya yi tsalle. Saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta cika.

Sarki ya rubuta: "Turo hoto kowa ya gani, sannan ka ba Linux haƙuri."

Ta ɗauki hoton. Ta kai yatsa za ta yanke gefen kamar ɗazu, sai ta fasa. Ta tura shi yadda yake.

Can wani ya rubuta: "Ranka ya daɗe, mun ga 'gimbiyar-sarki' a farkon layi. Wane Sarkin ke nan?" Daga nan fuskokin dariya suka cika allo.

Madannai suka yi shiru a falo. Ta ji takunsa a hankali har bakin ƙofa. Ya tsaya riƙe da kwamfutarsa a buɗe, ya kalle ta, ya kalli wayar hannunta.

"Gimbiya... ke ce Mai Faci?"

"Ni ce. Sati uku ina roƙonka a matsayin matarka, ban samu minti biyu ba. Baƙo ya zage ka, ka ba shi awa guda. Abin ya yi min ciwo, Baban yara, ba wasa ba."

Kunya ta rufe shi, har ya rasa inda zai ajiye idonsa.

Ta gyara ɗankwali, ta jawo kujera gaban kyamara. "Af, firintar ma wata biyu ke nan ba ta aiki. In bar maka, ko in kira Mai Faci?"

Ƙarfe huɗu daidai allo ya buɗe, wata mata mai tabarau ta bayyana.

"Barka da yamma. Kuna jina?" in ji Malama.

"Muna jinki rau, Malama. Amma wane ne wancan a bayanki, durƙushe a ƙasa?"

Malama ba ta ko waiwaya ba. "Mai gyaran firinta ne," ta ce. "Mu ci gaba."