Asabar Ɗin Aulis

Raimo Kettunen, shugaban mazauna gidan, yana tsaye yana kaɗa takardar kuɗin wuta a sama lokacin da ya ce a ɗaga hannu. Mutanen gidan sun cika ɗakin taro na ƙasan bene, kowa da rigar sanyinsa a jiki, don shi da kansa ya rage ɗumin ɗakin tun da safe saboda kowa ya ji a jikinsa. Shawararsa ɗaya ce: a rufe ɗakin surace na gidan, inda ake watsa wa duwatsu masu zafi ruwa a sha tururi, har ƙanƙara ta narke. Murhun da ke gasa duwatsun nan, in ji shi, ya fi duk fitilun gidan cin wuta, kuma masu zama a kan kujerun mulki a Helsinki ba za su biya wa kowa ba.

Hannaye suka tashi, wasu da sauri, wasu bayan sun saci kallon na kusa da su. Mutum ɗaya ne ya bar nasa a kan gwiwa, Aulis Pesonen, tsohon da ƙofarsa ke kallon ta Raimo a hawa na uku.

"Tun da aka gina gidan nan ban taɓa fashin suracen Asabar ba," ya ce, bai ko ɗaga murya ba.

"To ka je ka gaya wa waɗanda ka zaɓa," in ji Raimo. "Ai naka ne ke kan mulki. Su aiko maka da wuta a ambulan."

Aka yi dariya. Aulis ma ya murmusa, ya ce ya ji, ran Minista ya daɗe. Raimo ya zare makullin daga ƙusa ya jefa a aljihu, aka watse.

Wannan suna na Minista ya daɗe a kan Raimo. Aulis ne ya laƙaba masa tun Raimo yana tuƙa motar safa a cikin garin Kajaani, yana dawowa gida da ra'ayi a kan komai, daga haraji har farashin madara. Shi kuwa Aulis a daji ya yi ƙarfinsa yana sarar itace, kuma jam'iyya ɗaya yake zaɓa tun yana saurayi, ko ta yi daidai ko ta yi shirme. Sun fi shekara talatin suna musu a kan matakala, ba wanda ya taɓa shiga ɗakin wani ya wuce bakin tabarmar goge ƙafa. A garinmu wannan shi ne abota, kuma babu mai neman fiye da haka.

Sanyin bana ya karɓi Raimo. Gaskiyar magana, fushin ya yi masa daɗi. Da ya farka sai ya duba farashin wuta na ranar a waya, ya karanta wa matarsa Tuulikki da ƙarfi tun ba ta zuba kofi ba. Ya hana kunna injin wanki da rana. Ya kwance ƙwan fitila ɗaya cikin kowane biyu a matakala. In ya je kanti sai ya tsaya wajen burodi yana yi wa duk wanda ya samu bayanin yadda aka sayar da ƙasa, aka bar tsofaffi su daskare a ɗakunansu. Tsofaffin nan ba sa fita daga bakinsa. Mutane suna gyaɗa kai, wasu har suna cewa ya kamata ya tsaya takarar majalisar gari, shi kuma yana cewa a'a da irin muryar mai son a sake faɗa.

A cikin wannan hidimar Aulis yana ta ramewa. Raimo ya gani. Kowa ma ya gani, wuyan rigar ya yi masa yawa, fuskar ta yi ruwan ɗorawa. Amma a nan ba a tambayar mutum me ya same shi sai in shi ya fara, kuma Aulis ba zai fara ba.

Wata Juma'a a watan Janairu, Raimo yana hawowa sai ya tarar da shi zaune a kan matakala tsakanin hawa na biyu da na uku, inda aka kwance fitila, ledar cefane a gefensa, yana mai da numfashi. Raimo ya ɗauki ledar, ya tsaya yana jiransa.

"Raimo," in ji tsohon. "Gobe Asabar. Kunna mini murhun nan sau ɗaya."

Raimo ya ji cewa da sunansa aka kira shi, ba Minista ba. Ya ji sarai. Amma bakinsa ya riga ya saba hanya, sai ya bi ta. Ya ce doka doka ce, taro ne ya yanke. In ya buɗe wa mutum ɗaya, gobe sai matar hawa na ɗaya ta zo da jikokinta, jibi kowa ya zo da tawul a kafaɗa. Ya ce ya san ko farashin gobe da yamma ya kai nawa? Ya ce laifin ba nasa ba ne, kowa ya san inda laifin yake, kuma da wasu mutane sun buɗe ido ranar zaɓe da ba a kai nan ba. Aulis yana sauraro, yana kallon takalmansa.

"Litinin zan shiga asibiti, za su ɗan duba ni," in ji Aulis bayan Raimo ya numfasa. "So nake in je musu da tsafta."

"Ai akwai shawa a ɗakinka."

"Haka ne," in ji Aulis. "Akwai shawa."

Ya dafa ƙarfen matakala ya miƙe. A bakin ƙofa ya karɓi ledarsa ya yi godiya, kamar yadda ake yi wa yaron kanti.

Washegari Raimo da Tuulikki suka tafi yin surace a bukkar wanta a bakin tafki, kamar yadda suke yi tun da aka rufe na gida. Can da itace ake hura murhu, babu ruwansu da kamfanin wuta. Sun fita gari ke nan Tuulikki ta waiga ta dubi kujerar baya, inda babu komai sai kwandon tawul da tsiran naman gasawa, ta ce ai da sun ɗauko Aulis. Raimo ya ce bai yi tunani ba. Ƙarya yake yi, ya yi tunanin tun yana ɗaure igiyar takalmi. Abin da ya hana shi ƙwanƙwasa ƙofar shi ne kada tsohon ya ɗauka jiya shi ne ya yi nasara. Ya ce mata mako mai zuwa, in ya dawo daga asibiti.

Ya yi surace har jikinsa ya yi ja, ya fita ya birgima a dusar ƙanƙara, ya koma. A kan bencin sama, inda zafi ya fi yawa, yana watsa wa duwatsu ruwa, ya yi wa surukinsa dogon bayani a kan halin da tsofaffi suke ciki a ƙasar nan.

Ranar Litinin tasi ta zo ta ɗauki Aulis da ƙaramar jaka. Bai dawo ba. Kafin watan ya ƙare aka bugo waya cewa ya rasu da safe, kuma a nan ne mutanen gida suka ji cewa tun kaka likitoci suka gaya masa ciwon ya ci hanta, ba sauran magani. Ranar taron nan ma ya riga ya sani.

Aikin shugaban gida ne ya sassauta tuta in an yi mutuwa. Raimo ya fita tsakar gida, igiyar ta daskare a jikin sanda, sai da ya cire safar hannu ya ɓamɓare ta da farce. Ya ja tutar har sama, ya sauko da ita zuwa inda ake tsayar da ita. Wani maƙwabci da ke share ƙanƙara daga kan motarsa ya matso ya ce gwamnatin nan sai ta ƙarar da tsofaffinmu, yana jiran Raimo ya kama daga nan. Raimo ya ce yatsunsa sun sandare, ya shige ciki.

Bayan an binne Aulis, 'yarsa Outi ta zo daga Tampere don ta kwashe kaya. Mace ce mai kama da ubanta a ido, tana aikin jinya. Tuulikki ta kira ta shan kofi, ta yanka burodi mai zaƙi, aka zauna a kicin ana maganar hanya da sanyi. Can Outi ta ajiye kofinta ta fuskanci Raimo.

"Akwai godiyar da na zo yi maka," ta ce. "Asabar ɗin ƙarshe na ce masa zan taho in kai shi inda zai yi surace, ko a otal ne. Ya ce in yi zamana, ka buɗe masa. Wai ka karya dokarka da hannunka, ka gasa masa duwatsu har sai da ya gudu bencin ƙasa." Ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu. "Ya ce kada in gaya wa kowa, kar a tsige Minista."

Tuulikki ta sunkuyar da kai tana tsince ɓurɓushin burodi a kan tebur da yatsa. Kunya ta kama Raimo, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro, kuma babu wata gwamnati da zai ɗora wa. Ya buɗe baki.

"Outi, ni fa..."

"Na sani," ta tare shi. "Ku mutanen nan ba kwa son godiya. Shi ma haka yake. Amma da ban ji haka ba, da har yanzu ban yafe wa kaina zaman da na yi ba."

Ya rufe bakinsa. Ta ɗauki shirun nasa a matsayin kara, ta ɗan dafa hannunsa.

Da suka gama ya bi ta don ya taya ta ɗaukar kwalaye. Ranar ce ya fara wuce tabarmar ƙofar Aulis. Ɗakin tsaf, da sanyi, tsohon ya rage ɗumin har ƙasa kamar yadda shugaba ya umarta. Outi ta shiga kicin, ta ce ya duba banɗaki ya tattaro abin da ke ciki.

A kan kujerar katako akwai tawul a ninke, da farar riga da aka goge, da sabon sabulu ko takardarsa ba a ɓare ba. A ƙasa cikin bokiti akwai ɗaurin rassan bishiyar koivu, irin wanda ake yankowa da ganyensa a tsakiyar rani a ajiye a firiza, don bugun jiki a ɗakin surace lokacin sanyi. An fito da shi ya saki, daga baya ya bushe a inda yake. Ganyen duk suna nan cif, ba wanda ya yage ko ya lanƙwashe. Ko ɗan shekara biyar a ƙasar nan ya kalle shi ya san bai taɓa jikin mutum ba. Wato tun kafin Aulis ya roƙa ya shirya, bai kawo a ransa cewa Raimo zai ce a'a ba.

"Akwai wani abin kirki a nan?" Outi ta tambaya daga kicin, ya ji takunta yana matsowa.

Raimo ya sunkuya ya ɗauki ɗaurin, ya cusa shi cikin rigar sanyinsa, ya ja zif har wuya. Ya ji ganyen suna farfashewa a ƙirjinsa. Don ita ya yi ko don kansa, shi ma bai sani ba, kuma rashin sanin ya fi komai ci masa rai.

"Tawul ne kawai da sabulu," ya ce.

Sai da suka loda motar ta tafi sannan ya sauka wajen shara shi kaɗai ya jefar da ɗaurin, ya dawo gida ya zauna a kicin. Tuulikki ta zuba masa sauran kofi. Tana wucewa ta bayansa sai ta tsaya, ta sa yatsa biyu ta ciro wani abu daga wuyan rigarsa. Ta duba shi a hasken taga, ɗan busasshen ganye ne, har yanzu da sauran korensa. Ta ajiye shi a gefen kofinsa, ta koma wajen wanke-wanke.