Ɗakin Karatu a Kafaɗa

Bu Widarti, wato Malama Widarti, ta zo birnin Makassar daga Jakarta ranar Alhamis don ta jarraba ɗaliban ajin ƙarshe a sashen zanen gine-gine na jami'a. Ta duba asibiti, ta duba kasuwar kifi da gidajen haya masu hawa-hawa, duk a takarda da kwali, ta sa hannu. Da ta iso kan aikin wata ɗaliba mai suna Uleng sai ta cire tabarau.

Wannan aikin bai tsaya a takarda ba. Ɗakin karatu ne na 'ya'yan masunta, kuma Uleng da 'yan ajinsu sun gina shi da cikakken girmansa a filin bayan sashen. Katako ne da rufin kwano, da tsani a gaba, da taga ta kowane gefe. Yana tsaye kan ginshiƙai, kowane ginshiƙi zaune kan faffaɗan dutse. Ba siminti, ba rami.

"Ina harsashin?" in ji Bu Widarti.

"Babu, Bu."

"Mantawa kika yi?"

"Da gangan ne, Bu. A ƙauyenmu can Barru teku na cin gaɓa. Idan ruwa ya matso, sai a ɗauke ɗakin a ja da baya."

"A ɗauke shi da me?"

"Da kafaɗa, Bu."

Pak Mappasere, malamin da ya kula da aikin, ya sa baki. Ya ce haka mutanen Bugis, ƙabilar su Uleng, suke yi da gidajensu tun kaka da kakanni. Bu Widarti ta ce ta sani, ta ga hotuna. Amma gidan da ke cikin hoto na kakan wani ne, wannan kuwa Uleng ce ta zana shi.

"Idan ya ɗagu, gini ne mai dabara," ta ce. "Idan bai ɗagu ba, rumfa ce marar harsashi, kuma ba na sa hannu a kan abin da yara za su shiga. Gobe da yamma jirgina zai tashi."

Kowa ya san ma'anar wannan. In babu sa hannunta, Uleng za ta maimaita shekara.

Da la'asar 'yan ajin suka gwada. Sun zura dogayen gora ta ƙofofin da Uleng ta bari a jikin ginshiƙan, daidai tsayin kafaɗar mutum in ya ɗan rusuna, suka ɗaure da igiya. Kowa ya shiga ƙarƙashi, kowa yana ihun nasa. Ginin ya yi ƙara, kusurwa ɗaya ta tashi kamar faɗin yatsa, ta koma.

"Ya motsa!" in ji Pawe, wanda ya zana kasuwar kifi. "Wallahi ya motsa!"

"Kai ne ka motsa," in ji Uleng. "Wandonka ya yage."

"To me kike so? Shekara huɗu muna rayuwa a kan taliyar leda da kofi. Da kin ce mu zana mutum yana ɗaga gida, da yanzu mun gama har da inuwa."

Uleng ta koma gefe ta kira mahaifiyarta Indo Sakka a waya, Indo kuwa a yarensu shi ne Inna. Indo Sakka ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Me kika dafa?"

"Dafa kuma, Indo?"

"Kin tara mutane su ɗauki gida ba ki ɗora tukunya ba? Ke wa ya haife ki? Kuma wa ya ba da muryar ɗagawa?"

"Kowa ya ba da tasa."

"Allah ya shirye ki. Gobe Juma'a. Ki nemo mini murhu."

Washegari da hantsi motar ƙauye ta sauke Indo Sakka da yayanta Daeng Parani, da babbar tukunya, da naman sa, da ƙullin shinkafa a ganyen ayaba. Daeng Parani ya daɗe yana ba da murya a ɗaukar gidaje a Barru. Ya zagaya ginin yana ƙwanƙwasa katako, ya sa kafaɗa ƙarƙashin gora guda ya ji.

"Wa ya ce ki bar ƙofofin nan a wannan tsayin?"

"Na auna kafaɗun maza a ƙauye, Kawu."

"Shi ya sa kika bi mu da awo lokacin Sallah? Na ɗauka riguna za ki ɗinka mana." Ya miƙe. "Ba shi da nauyi. Mutane kawai yake so."

Indo Sakka ba ta kafa murhu kusa da ginin ba. Ta jiƙa yatsa ta ɗaga, ta ji inda iska ke kaɗawa, ta sa aka kai tukunyar bakin hanyar da ke fitowa daga masallacin jami'a. Pak Mappasere kuma ya roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallama.

Sanarwar gajeriya ce. Romon ne ya yi dogon bayani. Aka fito daga masallaci aka bi ƙamshi: masu gadi, masu babur mai ƙafa uku, ɗaliban noma, ɗaliban shari'a, da wani farfesan lissafi da ya tattare zaninsa, irin wanda mazan can ke sawa, ya ɗaure a ƙugu. Wasu sun miƙa hannu ga kwano. Indo Sakka ta rufe tukunya da murfi.

"Gida tukuna, 'ya'yana."

Bu Widarti ta iso da jakarta, a shirye don filin jirgi. Ta ce kafin a fara za ta duba mahaɗar katakon ta ciki. Ta cire takalmi ta hau tsani. Daeng Parani yana can ɗaya gefen yana jera mutane, dogaye da dogaye, gajeru da gajeru, ya tura Pawe tsakiya inda ba zai yi ɓarna ba. Ya hau kan wata ganga, ya sa aka janye tsanin, ya ja numfashi.

"Kawu, dakata!" in ji Uleng. "Akwai mutum a ciki!"

"In za a ɗauki gida ba a fitar da kayan ciki," in ji shi. Sai ya buɗe murya. "Ku sa kafaɗa! Ku ji ɗan'uwanku! Tashi!"

Ginin ya tashi. Ya tashi gaba ɗaya, a miƙe, ba kusurwar da ta riga wata. Daga ciki aka ji ƙara guda, sannan kan Bu Widarti ya bayyana a taga, ta ƙanƙame katako da hannu biyu. Matan da ke kallo suka rangaɗa guɗa.

Daeng Parani ya juyo ga Uleng. "To, ina za mu?"

Uleng ta riga ta yi lissafin nauyi, ta yi na iska, ta yi na kafaɗa. Ba ta taɓa tunanin inda za a kai shi ba.

"Ku... ku mayar da shi inda yake."

"Ba da ni ba. Ban taɓa ɗaga gida na dire shi inda na same shi ba. In aka ji a Barru, da wane ido zan shiga kasuwa?"

"Ku yanke shawara, don Allah!" in ji Pawe daga ƙarƙashi. "Farfesa yana taka mini ƙafa!"

A cikin kowa Bu Widarti ce ta fi ganin nesa. Ta saki hannu ɗaya ta nuna. "Can! Gindin mangwaron bakin ƙofa, inda masu sayar da abinci suke. Ga yaransu can a rana."

"An ji mai gida!" in ji Daeng Parani. "Ƙafar dama!"

Ginin ya kama hanya. Sai a lokacin Uleng ta ga duwatsun an bar su a baya. Ta ƙwala wa 'yan matan ajinsu kira, kowace ta rungumi dutse, suka ruga suka wuce ginin. A gindin mangwaron Uleng ta durƙusa da awonta. Tazarar ginshiƙan a kanta take, ita ta zana su. Tana aunawa tana nunawa, ana ajiye dutse, ginin kuma yana tahowa a bayanta da ɗimbin ƙafafu, ana waƙa ana zagin juna. Ta daidaita dutsen ƙarshe inuwar rufin na kanta, ta mirgina gefe.

"A hankali! Sauke!"

Kowane ginshiƙi ya zauna a tsakiyar dutsensa.

Aka kawo tsani. Kafin Bu Widarti ta sauko, yara uku sun riga sun hau. Ta taka ƙasa, ta gyara gashinta, ta karɓi takalminta daga hannun wani mai gadi. Ta zagaya ta duba ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta nemi takardar Uleng, ta sa Pawe ya sunkuya, ta sa hannu a gadon bayansa.

"Gyara ɗaya," ta ce. "Ki sa abin riƙewa a ciki."

"To, Bu."

A wajen tukunya layi ya kai har bakin titi. Indo Sakka tana zuba romo tana matsa lemun tsami, ba ta ɗago kai ba sa'ad da 'yarta ta zo ta tsaya kusa da ita da takarda a hannu.

"Ta ci?" Indo Sakka ta tambayi Daeng Parani.

"Na ci, Indo," in ji Uleng. "Na ci jarrabawa."

"Ba ke ba, baƙuwar. Ungo, kai mata, kada ta hau jirgi da yunwa."