Ƙudan Zuma a Gindin Ɗorawa

"Malama, kwanta! Kar ki gudu, kwanta a ƙasa!"

Muryar Baba Zamani ce, amma ban kwanta ba. Na ja ɗankwali na rufe fuska, na faɗa cikin rafi. Maigidana Nicholas ya biyo ni yana janye da Mama Emilia, matar Baba Zamani. Ƙudan zuma sun cika wurin, ƙararsu ta danne ta ruwa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su a Kafanchan. Baba Zamani ya tsufa yana zuba kwal a injin jirgin ƙasa, yana kallon itatuwa suna wucewa ta taga. Da ya ajiye aiki sai ya ce yanzu zai gan su a tsaye. Duk lokacin da shekara ta juya, ran Lahadi bayan sujada, sai ya tattara mu zuwa wannan rafi. Da damina mu tsinci ɗinya har leɓunanmu su yi baƙi, da kaka mu jiƙa atili a ruwan ɗumi. Wannan karon, a bazarar 1976, ɗorawa ce ta yi jajayen furanni, ya ce sai jikarsa Edna, 'yar ɗansa Eli, ta gani. Ba ta daɗe da iya tafiya ba, uwarta kuma tana kwas a Kaduna.

Mun shimfiɗa tabarma ke nan, Mama ta buɗe kwanon gwaten acca, wani busasshen reshe ya ɓalle ya faɗo da saƙar zuma a jikinsa.

"Edna fa?" Mama ta ɗago kai daga ruwa. "Ina yarinyan? Yesu, ina yarinyan?"

Na hango Baba Zamani a gindin bishiyar. Ya tuɓe babbar rigarsa ta zuwa coci ya naɗe yarinyar ciki, ya durƙusa a kanta daga shi sai singileti. Bayansa da wuyansa sun yi baƙi ƙirin da ƙudan, bai ko ɗaga hannu ya kore su ba.

Nicholas ya fita da gudu, ya cinna wa busasshiyar ciyawa ashana. Da hayaƙi ya turnuƙe muka janyo su. Edna tana tsala ihu, na duba ta ko'ina, harbi ɗaya ne a dunduniya.

"Ta yi lafiya?" in ji Baba Zamani. Leɓunansa sun riga sun kumbura.

"Lafiyarta lau, Baba. Tashi mu tafi."

Ya miƙe, ya yi taku kaɗan, ya zube.

Nicholas ya goya shi. Ni na goya Edna, Mama tana riƙe da ƙafafunsa don kar su ja ƙasa. Muka ratsa gonakin da aka share ana jiran ruwan fari. Numfashinsa ya koma kamar ana busa ƙaramin usur. Da muka iso titi babu kowa. Direban da ya kawo mu sai la'asar zai dawo, ga rana tana tsaka.

Wata ƙaramar mota ta ɓullo. Muka ɗaga hannu, muka yi ihu, ta rage gudu kamar za ta tsaya, sai ta wuce.

"Ya wuce," in ji Mama. "Malama, motan ya wuce. Ba su gani mutum ne?"

Nicholas ya kwantar da shi a inuwar wani mangwaro, ya zura da gudu wajen ƙauye neman ko da keke. Mama ta ɗora kan mijinta a cinya tana masa magana da yarensu, tana komawa Hausa. "Baban Eli, buɗe ido. Kai ne ka kawo mu, kai za ka kai mu gida. Ka ji ni?"

Idanun ba su buɗuwa, kumburi ya rufe su. Ya lalubo hannunta ya riƙe.

Da na ji gurnanin babbar mota sai na shiga tsakiyar titi na durƙusa, da yarinyar a bayana. Ban yi tunanin komai ba. Na ji ƙarar birki, na ji zafin inji a fuskata.

"Ke mahaukaciya ce?" Direban ya diro yana faɗa. Da ya ga wanda ke kwance sai ya cire hularsa ya cusa a aljihu. "Kama ƙafan, Mama. Bismillahi."

Muka ɗora shi kan buhunan citta. A hanya muka tsinci Nicholas yana haki. Direban ya taka mota, katakon jikinta yana ƙara kamar zai rabu. Na fara Addu'ar Ubangiji na kasa kai ta ƙarshe, na sake farawa. Nicholas yana ta kiran "Baba, ga gari nan, ga layin dogo, saura kaɗan." Muna tsallaka layin dogon na lura usur ɗin nan ya daina. Na dubi Nicholas, ya kawar da kai.

A asibiti wata nas ta hau motar, ta taɓa wuyansa, ta sa kunne a ƙirjinsa. Ta daɗe a haka kafin ta ɗago.

"Mama, sai haƙuri. Ya riga ya tafi gida."

Mama ba ta yi kuka ba. Aka shimfiɗe shi kan benci a baranda kafin a kira fasto, Nicholas ya tafi tashar jirgi neman wanda zai kai saƙo Kaduna. Edna ta yi barci a bayana, har yanzu tana naɗe cikin rigar kakanta.

Mama ta matso da kujera kusa da benci. Ta juya kansa a hankali, ta sa farce tana zare ƙarin harbin ƙudan zuman daga bayan kunnensa, ɗaya bayan ɗaya, tana gogewa a bakin zaninta.