Kiran da Inna Ba Ta Yi Ba

Tun da ɓarin jikin Inna Rahmatu ya shanye, muryarta ba ta wuce bakin ƙofar ɗaki. 'Yarta Farida kuwa wuni take a shagonta na buga takardu da ke gaban gidan, a unguwar Kpakungu, inda ƙarar janareto da ta babura ba sa bari a ji komai. Da yake ta karanci lantarki, sai ta haɗa 'yar na'ura a cikin robar sabulu: batir, maɓalli ɗaya babba, da guntun allon lantarki mai aika saƙo ta iska kamar rediyo. Ɓangaren da ke karɓar saƙon kuwa ta soke shi a jikin kwamfutar shago. Inna na dannawa, allon kwamfutar zai rubuta "Inna na kira", ƙararrawa ta kaɗa. In Farida ta taɓa wani harafi, 'yar koriyar fitila ta kama a gefen gadon, alamar tana zuwa.

Mako biyu abin yana aiki lafiya lau. Ranar wata Talata ƙararrawa ta kaɗa, Farida ta bar kwastoma a tsaye ta ruga ciki, ta tarar da Inna tana jan carbi.

"Inna, ga ni."

"Ban kira ki ba," in ji Inna a hankali.

Kafin la'asar sau biyar aka yi haka. Washegari sau tara. Farida ta fara kallon mahaifiyarta ta wutsiyar ido. Ko kaɗaici ne ke sa ta dannawa, kunya ta hana ta faɗa? Ko kuwa ciwon ya fara taɓa tunaninta? Tana cikin gyara mata matashi, sai ta zare batirin a ɓoye ta jefa a aljihu. Ko zama ba ta yi a shago ba, allo ya rubuta "Inna na kira".

Ashe daga waje saƙon yake zuwa.

Ta ɗaga kai, sai idonta ya sauka kan Julius, mai gyaran waya a tsallaken titi. Shi kaɗai ya taɓa buɗe robar ya duba cikinta, har ya roƙi ta zana masa yadda ta haɗa, ta ƙi. Tun daga ranar gaisuwarsa ta yi sanyi. Kwana biyu ta yi tana gadinsa ta labule. Duk sanda ƙararrawa ta kaɗa, sai ta ga kamar hannunsa na ƙarƙashin tebur. Sau ɗaya ma ta rantse murmushi ya yi.

Ranar Juma'a da hantsi ta tsallaka.

"Oga Julius, me na yi maka? Tsohuwa ce kwance ba lafiya, kake wasa da ni."

Ya ajiye ƙarfen dalma ya dube ta. Da ta gama zayyano masa, bai ɗaga murya ba. Ya jawo durowar teburin ya zazzage a gabanta: matattun batira, sukurori, fasassun gilasan waya.

"Duba da kyau, Malama. Shekara goma sha ɗaya ina nan, ba wanda ya taɓa ce mini haka." Sannan ya ce, "Ƙafafun nan takwas na jikin guntun allon, masu saita lambar sirri, kin liƙe su da dalma?"

Ba ta liƙe ba. Yadda ta sayo guntun allon a kasuwar Sabon Gari haka ta sa shi. Kenan duk wata na'ura irinsa da aka bari a yadda ta fito daga kamfani, muryarsu ɗaya a kunnen kwamfutarta.

Duk da haka ba ta sakankance ba, don mai laifi ma ya iya ba da shawara. Ta ɗauki mai karɓar saƙon ta haɗa da ƙaramar kwamfuta, ta bi layin shago-shago. A ƙofar sabon kemis ɗin Madam Gift, wata mata ta danna ƙararrawar kiran mai shago, irin wadda ba a ja mata waya, ita ma ta iska take aika saƙo. Nan take allon hannun Farida ya rubuta "Inna na kira". Ta sa matar ta sake dannawa. Ya sake rubutawa.

A ranar ta liƙe ƙafafu uku a kowane ɓangare, na ɗakin Inna da na shago, kiran ƙarya ya ɗauke. Ta koma ta ba Julius haƙuri. Ya ce ya wuce, amma bai ɗago daga wayar da yake gyarawa ba.

Da yamma, tana mayar da batiri a robar, Inna ta riƙe mata hannu da hannunta mai lafiya.

"Kwana biyu ina dannawa ba kya zuwa kan lokaci. Ke kika cire?"

Farida ta sunkuyar da kai. A cikin gadin Julius ta manta sam batirin na aljihunta.

"Kin ɗauka ƙarya nake yi," in ji Inna.

Ba ta yi faɗa ba. Amma daga ranar, kowace safiya sai ta sa Farida ta buɗe robar a gabanta ta ga batirin da idonta, ta danna, ta jira a leƙa shago a dawo a ce mata ya shiga, sannan take yarda a fita.