Baba da Kyamarar Auta

Autarmu ta kafe sai ta yi fim a kan shagon kafinta na Baba. Ba fim ɗin 'yan wasa ba, a'a, irin wanda ake ɗaukar mutum yana harkarsa ta gaskiya. Wani gidan talabijin ya ce zai nuna fim ɗaya na sabon hannu. Idan nata bai shiga ba, ta yi wa Mama alkawarin ajiye kyamara ta nemi aikin ofis.

Baba ne matsalar. Da ya ga kyamara sai ya share shago fes, ya ɓoye tsohon zartonsa, ya sa rigar fita unguwa, ya tsaya ƙiƙam. Mutumin da ke yi wa katako faɗa kamar ɗan cikinsa, sai ga shi yana cewa, "Kafinta sana'a ce mai muhimmanci." Maƙwabta ma suka taya shi ɓata lamarin. Mai walda ya kashe injinsa, mai faci ya daina buge-buge, wai kada a dami 'yar fim. Layin da ko ƙarar waya ba a ji saboda hayaniya ya yi tsit.

Auta ta kalli abin da ta ɗauko, ta kusa kuka. Ni kuwa dariya ta ci ƙarfina, har ta jefe ni da matashi.

Washegari ta kafa kyamara a gabansa, ta kunna, ta ce, "Baba, yau ka huta, ni zan yi aikin."

Ta zaɓi katako mafi kyau a shagon, ta ɗora masa zarto a karkace.

"Ke, tsaya. Wa ya koya miki wannan ɓarnar?"

"Ai haka na ga kana yi."

"Ni? Kawo nan."

Ya tuɓe rigar, ya zaro tsohon zarton, ya shafa katakon yana ba shi haƙuri. Mai walda ya ji aiki ya kankama, shi ma ya kunna nasa.

Fim ɗinta aka zaɓa. Ranar da aka nuna shi falonmu ya cika, ana ta shewa. Da aka gama, Baba ya daɗe yana duban hannuwansa.

"Auta, ki maido mini wurin da nake shafa katakon a kyamararki," in ji shi. "Wallahi na zaci mahaifina nake gani."