Kwabo Biyu a Kan Farar Safa

Kullum ƙarfe goma na safe yakan tarar da Odessa Pruitt a ɗakin kaya da ke ƙarƙashin otal, hannuwanta cikin baho, tana wanke ƙafafun mata goma sha biyu alhali masu su na can gida suna sharar barci. Haka take kiran safunan, ƙafafu. Dogaye ne har cinya, na farar roba zalla, kowace an yanka ta daidai awon mai ita. Su 'yan rawar gidan ke sawa a wasan ƙarshe, fitilu su doke su su yi ta walƙiya, 'yan kallo su yi ta tafi sai ka ce su suka wanke.

Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki a Las Vegas, kuma ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗigon sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye, a juya ciki waje, a shanya a inuwa. In sun bushe a barbaɗa hoda a ciki, a fesa ruwan sheƙi a waje. Roba kuwa ta fi jariri rigima. Ba ta son rana, ba ta son farce, mai kowane iri guba ne a gare ta, tagulla kuma in ta taɓa fara, tabon ya zauna ke nan har abada. Shi ya sa Odessa ta ajiye wani tsohon kofin shayi a bakin ƙofa, duk mai shigowa sai ya juye kwabban aljihunsa a ciki, ko da manaja ne. Abin taƙamarta ɗaya ne a duniya, cewa safa ba ta taɓa lalacewa a hannunta ba.

Ranar Talatar nan, da ta zo kan ƙafar hagu ta Corinne Baptiste, sai yatsanta ya nutse a gwiwar safar. Wurin ya yi laushi, yana danƙo kamar ƙullin fulawa. Ta kai hanci, ta ji warin man zafi. Ta daɗe a tsaye ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta, don ta san abin da wannan ke nufi.

Corinne ita ce babba a layin 'yan rawar, shekararta talatin da takwas. A gidan nan kuwa duk wadda ta ji ciwo, Mista Halloran manaja yakan dafa kafaɗarta ya ce ta je ta huta har ta warke. Odessa na da durowa guda cike da safunan waɗanda suka tafi hutawa, kowace cikin jakarta da sunan mai ita. Duk wata takan fito da su ta sake musu hoda, amma har yau babu wadda ta dawo ta karɓi nata.

Ba ta gama shanya ba sai ga Halloran da kwali a hammata. Ya juye kwabbansa a kofi ba tare da an ce masa ba.

"Uwar ɗaki, ga saƙonmu ya iso," in ji shi. "Mako shida muna jira, kamar daga wata duniya ake kawo su. Safunan sabuwar yarinya ne, wadda kika auna."

"Na ɗauka ta jiran ko-ta-kwana ce."

"Da can. Ki wanke, ki shirya su zuwa gobe da rana. Jibi za ta shiga layi."

"A madadin wa?"

Ya sosa ƙeya yana kallon igiyar shanya. "Ina da ido, Odessa. Corinne in ta yi tsalle tana sauka a ƙafar dama kaɗai. Za ta ɗan huta."

Corinne ta shigo da ƙarfe uku, da gilashin rana da kofin kofi mai ƙanƙara, tana tafiyar nan ta 'yan rawa kamar ƙasa ba ta isa ta taɓa ta ba.

"Mama Odessa, ya garin? Wallahi zafin waje zai iya soya ƙwai a kan mota."

"Rufe ƙofa, ki zauna."

"To fa. Me na yi kuma?"

Odessa ta shimfiɗa safar a kan tebur. "Sau nawa na gaya muku? Ko man hannu ban yarda ba, ke kuma kin kwaso min man zafi gwangwani guda."

"Ni? Wataƙila Yolanda ta layinmu ce ta..."

"Yolanda ce ke sa ƙafarki ta hagu? 'Yar nan, tun kina da ƙuruciya nake wanke ki. Ɗaga wandon."

Corinne ta cire gilashin, ta naɗe wandon a hankali. Gwiwar ta kumbura ta yi sumul. Odessa ta ɗauko ma'auni ta zagaya ta, ba don tana bukata ba, sai don hannunta ya saba. Ta ƙaru da yatsa biyu a kan awon da ke rubuce.

"Tun yaushe?"

"Tun Maris." Muryarta ta sauka. "Likita ya ce sai an yi aiki. Inshorar ƙungiyar ma'aikata ba za ta ɗauki kuɗin ba sai na cika kwanakin aikina na bana, saura goma sha ɗaya. Goma sha ɗaya kacal, Mama. In aka cire ni kafin nan, haka zan yi ta jan ƙafar nan har in mutu. Don Allah kar ki kai masa safar."

Odessa ta kalli kwalin da Halloran ya ajiye a gefe, ta kawar da kai. Ba ta gaya mata abin da ke ciki ba, don ba ta ga amfanin ƙara wa mai kaya kaya ba. Ta jawo durowar masu hutu, ta zaɓo safar wata Tamsin mai kaurin ƙafa da ta tafi hutu bara.

"Je ki wanke gwiwar nan da sabulu, sau biyu. Daga yau ƙanƙara za ki riƙa sawa. In na sake jin warin man nan, ni da kaina zan karya ɗayar."

Da ta dawo, Odessa ta durƙusa da ƙyar, nata gwiwoyin na ƙara. Ta shafa wa ƙafar hoda, ta tattare safar har zuwa yatsu, ta zura, sannan ta riƙa turawa sama da tafin hannu kaɗan-kaɗan, ba ja ba fizga. Da suka zo gwiwa Corinne ta cije leɓe, ta riƙe kafaɗar Odessa har sai da safar ta wuce.

"Kamar don ke aka yanka," in ji Odessa.

"Ke dai Allah ya bar mana ke."

"Ya bar ni in yi me? Tashi ki ba ni wuri."

Bayan ta fita, Odessa ta buɗe kwalin. Safunan sabuwar yarinya suna kwance cikin farar takarda, ko ƙura ba ta taɓa su ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ɗinkin gam ɗin a miƙe, ba kumfa ko ɗaya. Yarinyar ma ba ta da laifi, ranar awo har alewa ta kawo mata. Amma babu mai hawa dandalin nan ba safa, siririyar ƙafar yarinyar kuma babu irinta a durowa, sabuwa kuwa sai bayan mako shida.

Ta wanke su kamar yadda take wanke kowace, ta shimfiɗa su a jiƙe a kan tebur. Sannan ta je bakin ƙofa ta zura yatsu cikin kofin, ta ɗauko jajayen kwabbai biyu na tagulla daga cikin waɗanda Halloran ya manta. Hannunta ya ƙi, sai da ta yi kamar tana lallashinsa. Ta ɗora ɗaya a gaban kowace gwiwa, inda fitilar dandali ta fi duka, ta danne da babban yatsa. Ranta ya ɓaci sosai, har ta ji kamar ta mari wani, amma ta kashe fitila ta ja ƙofa.

Washegari da rana Halloran ya zo karɓa. Ya ɗaga safar sama, ya ga tabo ruwan ƙasa, zagayayye, a kowace gwiwa. Ya murza da yatsa, ya tofa yawu ya sake murzawa.

"Ba ya fita," in ji Odessa. "Kar ka wahalar da kanka."

"Daga can aka aiko su haka? In kira su yanzu in ci mutuncinsu."

Da ta ce e, da shi ke nan, wani can mai gam da almakashi zai sha zagi. Ta girgiza kai. "Lafiya lau suka zo. Ni na bar kwabo a kan tebur."

"Ke? Ke da kika taɓa korata daga ɗakin nan saboda maɓallin riga na tagulla?" Ya kalli kofin, ya kalle ta, ya daɗe yana kallonta. Ba wawa ba ne. "Mako shida, Odessa."

"Haka suke ɗauka."

"Dole in rubuta wannan a takardarki, kin sani. Kuma na sama sun daɗe suna tambayata ko ba ki fara gajiya ba." Ya ajiye safar, ya dafa kafaɗarta. "In sababbin suka iso, ina ganin ya kamata ki ɗan huta."

"To," in ji ta.

Da ya fita ta zauna a kan kujerar awo na ɗan lokaci, hannuwanta a cinya. Daga nan ta tashi ta barbaɗa wa safunan masu tabo hoda, ta naɗe su da kyau, don ko lalatacciyar roba ba a barinta ta manne. Ta tara ruwa a baho, ta gwada ɗuminsa da bayan hannu. Corinne za ta shigo ƙarfe uku, saura mata kwana goma ta cika, kuma ƙafar Tamsin ba ta bushe ba tukuna.