Kwat ɗin Zuwa Ingila

Cyprian tela ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya girgiza kai. "Malam Hadi, jirgin Ikko ran Alhamis, yau Talata. Kwat ba ta ɗinkuwa a kwana biyu."

Malam Isyaku, wanda ya rako Hadi Sabon Gari, yana zaune a benci, sai ya ji wani daɗi da shi kansa ya san ba na Allah da Annabi ba ne. Shekara tara suna koyarwa a makaranta ɗaya a Fagge. Tun suna kwaleji Isyaku ke zuwa na ɗaya, Hadi na can baya. Amma da gwamnati ta nemi waɗanda za ta kai Ingila koyon aikin jakadanci kafin mulkin kai, tare suka je intabiyu, sunan Hadi kaɗai ya fito. Tun ranar, ko da wasa aka ce "Jakada" a ofishin malamai, sai abinci ya fita ran Isyaku.

"Sai dai akwai wata a rataye," in ji Cyprian, idonsa a ƙasa. "Ta ulu. Mai ita bai zo ɗauka ba."

Kwat ɗin ta Isyaku ce. Washegarin intabiyu ya lallaɓo ya ba da ɗinkinta, don bai ga mai kayar da shi ba. Ko matarsa ba ta sani ba. Ga shi Cyprian ba ya gama kwat sai ya ɗinka sunan mai ita da jan zare a aljihun ciki.

Hadi ya saka. Ta zauna masa daram, hannun ne kawai ya ɗan yi tsawo. Ya buɗe aljihun ciki ya leƙa, ya ga sunan da ke jiki.

"Anya mai ita zai yarda?" ya tambaya, bai waiwayo ba.

Cyprian ya saci kallon benci.

"Zai yarda," in ji Isyaku. "Ina za shi da ulu a zafin Kano?"

Cyprian ya ɗauko reza zai farke sunan, Hadi ya dafe aljihun. "Bar shi haka. Rage hannun kawai."

Suka tura kekunansu zuwa Fagge. Alherin da Hadi ya yi na rufa masa asiri ya fi komai ƙona wa Isyaku rai. Ran Alhamis sunansa zai kama hanyar Ingila, shi kuwa yana da 'yan aji uku ƙarfe takwas, darasin labarin ƙasa.